Sarakunan Turai A Gwangwanin Inna



Akwai wasu kalmomi da muka gada a baka, kullum muna ta juya su safe da yamma, amma da za a ɗora mana abin da suke nufi a tafin hannu, da yawanmu ba za mu shaida shi ba. Ka je neman rance wurin aboki, ya rantse maka ba shi da taro balle sisi. Uwargida ta yi fushi ta ce maigida ya fita ko anini bai ajiye mata ba. To amma ka tare saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ka tambaye shi taro nawa ne a cikin sule, ko anini nawa ke yin kwabo, sai ya dube ka ya yi dariya. Sunayen sun zauna, masu sunayen sun ɓace.

Ni kuwa Allah Ya jarabce ni da son waɗannan tsofaffin kuɗi. Na daɗe ina tara su, ina jera su, ina rubuta abin da ke jikinsu. Abin da nake so mu tattauna yau, mai karatu, shi ne yadda ake rarraba su daki-daki bisa zamani da gidan sarautar da ya buga su, da kuma dalilin da ya sa nake ganin aikin ya shafi kowane gida a ƙasar Hausa, ko da kuwa fuskokin da ke jikin kuɗin na Turawa ne.

Bari mu fara da ƙidaya don kada mu bar yara a baya. Anini goma ne kwabo. Rabin kwabo shi ne ɗari. Kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo goma sha biyu sule. Sule biyu dala, wasu su ce fataka. Sule ashirin fam guda. Ahu, wato kwabo ɗaya da rabi, da nai, wato kwabo tara, lissafi ne kawai na baka, ba a buga mana su ba. Haka aka yi ta ciniki har ranar 1 ga Janairun 1973, da naira ta shigo, fam guda ya koma naira biyu, sule ya koma sabon kwabo goma.

Tushen abin da na tara daga gidanmu ne a Kajiji, cikin ƙaramar hukumar Shagari, a kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Jega. Da kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Inna, ta rasu, aka zo fitar da kayan ɗakinta don rabon gado, sai ga wani tsohon gwangwani a ƙasan adaka, an naɗe shi da tsumman saƙi. A ciki akwai liyari biyu, da manyan azurfa biyu na Faransa, da sulalla da sisi da taro barkatai, sai kuma wata tsarkiya ta kwabbai da aninai da aka zura a zare aka ƙulle bakin. Baffana ya ce a kai wa maƙerin fari ya auna masu azurfar a raba kuɗin, sauran a bai wa yara su yi wasa. Da yake jika ba shi da rabo matuƙar ubansa na raye, sai na lallaɓa na roƙi mahaifina ya karɓi gwangwanin a cikin kasonsa. Baffa ya dube ni ya ce, "Kai wanga yaro, mi za ka yi da kuɗɗin da ba su sayen ko gishiri?" Na ce, "Baffa, karatu za ni yi da su." Aka yi dariya, aka bar mini.

To, yaya ake karatun? Masana wannan fanni a Turai ba sa jera kuɗi bisa girma ko launi. Suna farawa da ƙasa, sannan gidan sarauta, sannan sarki, sannan shekara, daga ƙarshe gidan da aka buga kuɗin. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Basakkwace. Mu ma in za mu lissafa Sarakunan Musulmi, ai mukan ce wane ɗan gidan Bello ne, wane ɗan gidan Atiku ne. Da na bi wannan hanya, sai gwangwanin Inna ya rabu gida uku: Ostiriya, Faransa da Ingila.

Liyari shi ne na Ostiriya. Babbar azurfa ce mai nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari nata tsantsar azurfa. Fuska ɗaya hoton wata mace ce mai jiki, da lulluɓi a kanta, ɗaya fuskar kuma gaggafa mai kai biyu. Matar ita ce Mariya Tareza ta gidan sarautar Habsbag, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780, lulluɓin kuma na zaman makokin mijinta ne da ya rasu a 1765. Wannan kuɗi ya riga Turawan mulki zuwa ƙasarmu da nisa. Fatake ne suka riƙa ketowa da shi ta hamada daga Tarabulus, ya bi ta Barno ya iso Kano da Katsina da Sakkwato. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500. Ka ga ke nan falke mai liyari ɗari a ɗamara ya huta da ɗora wa jakuna buhunan wuri.

Sai dai liyari yana da wata dabara da ke rikita mai koyo. Duk wanda ka ɗauka, kusan babu shakka 1780 za ka gani a jikinsa. Dalili shi ne 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da namu sun saba da shi a wannan kama, in aka canza ko ɗigo ba za su karɓa ba. Saboda haka bayan matar ta rasu aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta. A shekarun 1930 da 1940 har a Landan da Rum da Bombai an buga shi, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Biyana yana fitar da sabo fil, da 1780 a jikinsa. Wato dai liyari kamar ma'aikacin nan ne da ya tsayar da shekarunsa a takarda don kada a yi masa ritaya. A fuska ya girmi jihadin Shehu da shekara ashirin da huɗu, amma mai yiwuwa ne a haihuwa ƙanen wani sule ne da ke kwance kusa da shi. Don haka in wani ya zo maka da liyari yana cewa ya shekara ɗari biyu da arba'in, ka karɓi maganarsa da hannu biyu, amma kada ka ɗora farashi a kanta.

Na Faransa kuwa ta arewa suka shigo mana, ta wajen Birnin Ƙonni da Illela, a hannun masu fataucin dabbobi da kanwa. Faran biyar-biyar ne na azurfa, giram 25 kowane, su ne asalin abin da 'yan'uwanmu na Nijar ke kira dala har yau in suna ƙidayar sefa. Ɗaya yana ɗauke da kan wani mutum mai tsinin gemu da gashin baki, Napoliyon na Uku ke nan na gidan Bonapat, wanda ya yi sarauta daga 1852 har Jamusawa suka kama shi a yaƙin 1870. Ɗayan kuma na 1873 ne, babu sarki a jikinsa sam, sai wani ƙato tsaye tsakanin mata biyu, shi ne Inna ke kira mai mutum uku. Abin da ya faru tsakanin kuɗin nan biyu shi ne Faransawa sun yi watsi da sarauta sun koma jamhuriya. Dole na buɗe masa nasa gurbi, gurbin zamanin da ba shi da gidan sarauta. Ka ga juyin mulki sukutum a cikin gwangwanin tsohuwar da ko Ƙonni ba ta taɓa zuwa ba.

Gida na uku shi ya fi yawa, kuma shi ya fi taɓa mu, domin da shi iyayenmu suka biya haraji da jangali. Mafi tsufa a ciki wani sule ne da ya suɗe, mai hoton Sarauniya Bitoriya, ta ƙarshe a gidan Hanoba, wadda ta hau a 1837 ta rasu a farkon 1901. Ba don mu aka buga shi ba, kuɗin Ingila ne na cikin gida, irin wanda Turawa suka riƙa shigowa da shi suna biyan sojoji da 'yan dako. Ɗanta Edwad na Bakwai, 1901 zuwa 1910, shi ya buɗe sabon gida da sunan zuriyar ubansa Bajamushe, Saks-Kobag. A zamaninsa aka ci Sakkwato, ranar 15 ga Maris 1903, kuma a zamaninsa aka fara buga mana kuɗi namu na kanmu, anini da kwabo masu huda a tsakiya, a 1907. Aninin farko na alminiyam ne, bai jure ba, shekara ta zagayo aka koma buga shi da farin ƙarfe.

In ka sami kwabo ko anini na wancan lokaci, ka ɗaga shi a haske ka duba da kyau. Bayansa tauraro ne mai tsini shida. Gabansa kambun sarauta ne da sunan sarki, ƙarƙashin hudar kuma darajar kuɗin ce da haruffan Larabci. Baturen ya san wanda zai karɓi kuɗin nan almajiri ne, da allo ya saba. Duk sa'ad da na riƙe aninin farko nakan tuna cewa shekara guda kacal kafin a buga shi, a 1906, aka baje Satiru, wadda ba ta da nisa da mu, aka hallaka mutanenta. Bara bindiga, bana anini mai rubutun Larabci. Wanne ya fi cin ƙasar a cikinsu? Ni dai a ganina aninin ya fi shiga lungu, domin tun da aka ce haraji sai da kuɗin Bature, dole manomi ya kai amfaninsa inda za a ba shi su, wuri kuwa ya koma kayan 'yan bori da ado a wuyan yara.

Daga nan sai Joji na Biyar, 1910 zuwa 1936. A zamaninsa aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, wadda ta haɗa mu da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya a kuɗi ɗaya. A 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da dala na azurfa, sule da dalar da hoton bishiyar kwakwar manja. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, daga 1920 aka koma buga su da tagulla mai launin rawaya. Wannan sarki shi ne ya fi ba mai jera kuɗi dariya, domin mutum ɗaya ne amma gida biyu yake. Ya hau sarauta yana ɗan gidan Saks-Kobag, sai a 1917, ana tsakiyar yaƙi da Jamus, ya ga sunan ya yi warin abokan gaba, ya sauya shi zuwa Winza. Sulen 1913 da na 1925 fuska ɗaya ce, gemu ɗaya ne, amma ɗaya azurfa ɗaya tagulla, kuma a littafina shafi daban-daban suke.

Ga wanda kuɗinsa ya suɗe har shekarar ba ta karantuwa, ga 'yar dabara. Joji na Biyar mai gemu ne. Ɗansa Joji na Shida, 1936 zuwa 1952, ba shi da gemu. In ka ga haruffan IND IMP bayan sunan sarki, ma'anarsu sarkin Indiya, to kuɗin bai wuce 1948 ba, domin Indiya ta sami 'yancinta a 1947 aka cire laƙabin. Kwabo mai huda in fari ne, kafin 1952 aka buga shi, in ja ne kuwa daga 1952 ne zuwa sama. Wani lokaci za ka ga ƙaramin harafi H ko KN a ɓoye, alamar kamfanonin birnin Bamingam ne da aka ba kwangilar bugawa. Kuɗin 1959 kuma, duk da sunan Sarauniya Elizabet na jikinsu, na Babban Bankin Nijeriya ne: taron mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisin da koko, dalar da gyaɗa.

Da na gama wannan jeri sai na ga bai ishe ni ba. Sunan Joji ko Edwad ba ya motsa komai a zuciyar tsohon Kajiji. In ka tambaye shi yaushe aka haƙa rijiyar ƙofar gida, ba zai ce maka 1920 ba, cewa zai yi zamanin Maiturare. Don haka na ja layi a tsakiyar shafin littafina, dama sarkin da ke jikin kuɗin, hagu Sarkin Musulmin da ke kan gado shekarar da aka buga shi. Sulen Bitoriya ya faɗa zamanin Abdu Ɗanyen Kasko. Aninin farko da sulen azurfa na 1913 suka faɗa zamanin Attahiru na Biyu, 1903 zuwa 1915. Komawa tagulla ta zo a zamanin Maiturare, 1915 zuwa 1924. Sai Tambari, 1924 zuwa 1931, sai Hassan ɗan Mu'azu, 1931 zuwa 1938, sai Abubakar na Uku, wanda ya hau a 1938 ya shekara hamsin. Shi kaɗai ya ga kuɗin Joji na Shida, ya ga na Elizabet, ya ga na Tarayyar Nijeriya, ya ga naira.

Amfanin layin nan biyu ya fito fili a kan tsarkiyar nan da na ambata. Inna ta sha faɗa mana cewa ranar da aka kai ta ɗakin miji gwaggonta ta ƙulla mata ita, ta ce ta ajiye don ranar da babu, ita kuwa ba ta taɓa kwance ta ba. A gidanmu an daɗe ana gardama a kan shekarar auren, domin da ita ake auna shekarun mahaifina, wanda shi ne ɗan fari. Baffa ya dage tun zamanin Tambari ne. Wata gwaggonmu kuma ta ce ta ji daga bakin Inna cewa tana amarya aka yi naɗin Sarkin Musulmi Abubakar. Na zauna na bi kwabban ɗaya bayan ɗaya ba tare da na tsinka zaren ba. Mafi yawa na Joji na Biyar ne. Sai ga guda uku masu sheƙi, ba su ci hannu ba, da sunan Edwad na Takwas, shekara 1936.

Wannan sarki labarinsa abin mamaki ne. Ya hau a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar, saboda ya nace sai ya auri wata bazawara Ba'amurkiya, manyan ƙasarsa suka ƙi. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba. Mu kuwa da yake kwabonmu huda gare shi, ba a buƙatar hoto, sai aka buga sunansa aka turo mana. Ashe sarkin da ya bar gado saboda mace shi ne zai raba gardamar aure a Kajiji. Tambari ya sauka a 1931, ba yadda za a yi a zura kwabon 1936 a zare shekara biyar kafin a ƙera shi. Ka'idar ke nan: tarin kuɗi ba ya girmar ƙaramin cikinsa. Kwabon bai ce a 1936 aka yi auren ba, abin da ya ce shi ne ba a yi shi kafin nan ba. Da aka haɗa shaidarsa da ta gwaggo, sai magana ta tsaya a wajen 1938. Baffa ya juya kwabon a hannu ya ce, "Awo, gani ya kori ji."

A nan nake so in ja hankalin 'yan'uwana marubuta. Sau da yawa mutum zai karanta labarin da aka ce ya faru a zamanin Shehu ko na Bello, sai ya ga attajiri ya zaro sulalla ya biya sadaki. Ko a ce ana shekarar samun 'yancin kai, yarinya ta sayi goro na naira. Mai karatu na yau wataƙila ya wuce, amma ƙaryar ta zauna. Kuɗin da ke aljihun tauraronka shi ne agogon labarinka. Wuri da liyari kafin Turawa, anini da kwabo mai huda daga 1907, sulen azurfa mai bishiya daga 1913, taro mai kusurwa daga 1959, naira daga 1973. In ka kiyaye wannan, tsoho ma zai karanta ya gyaɗa kai.

Abin da ke damuna shi ne kullum shaidun nan raguwa suke yi. Liyari da sulen azurfa suna ƙarewa a wutar maƙera, suna komawa zobe da awarwaro. Aninai na sha ganin an buga su a kan ƙusar rufin kwano don kada ruwa ya zuba. Ga kuma 'yan damfara da ke yawo ƙauyuka suna ruɗar mutane wai tsohon kwabo miliyoyi yake yi. Gaskiyar magana, yawancinsu an buga su da yawan gaske, har na Edwad na Takwas ɗin, kuɗin da za a ba ka ba zai kai ka ko'ina ba. Darajarsu tana wani wuri daban. Mutanen karkara ba su bar mana takardar haihuwa ba, ba su bar takardar aure ba. Sau da yawa abu ɗaya tak da ke cikin ɗakin tsohuwa mai ɗauke da shekara a rubuce shi ne wannan ɗan ƙarfe.

Saboda haka in akwai irinsu a gidanku, ga roƙona. Kada a goge su da toka ko yashi ko lemun tsami, gogewa tana cin rubutun. Kada a kwance wanda aka samu a ƙulle, kada a gauraya na wannan ɗaki da na wancan, domin haɗuwarsu wuri ɗaya ita ce shaidar. A rubuta inda aka same su da sunan mai su. Mafi muhimmanci, in tsohuwar tana raye, a zauna a gabanta a tambaye ta wa ya ba ta, a wane biki, wa ke sarauta, an yi fari ko an yi yalwa a shekarar. Sunan sarkin Turai da shekara kowa zai iya karanta su ko bayan shekara ɗari, amma layin hagu ita kaɗai ke iya cika shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan. Wassalam.